Bitamin D ga tsohon da ba ya fita rana: mu ma ya shafe mu?

Maman Nana, Birni:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Faransa, kuma ta ce a can likitan iyali yakan rubuta wa yawancin mazauna gidan bitamin D, wasu a ɗiga musu kullum, wasu a fasa musu ƴar kwalba su sha bayan wata biyu ko uku. Ta matsa mini in saya wa mahaifiyarmu, wadda ta haura tamanin, kuma ba ta barin ɗaki tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ni kuwa na ɗauka wannan lamari ne na ƙasashen sanyi, domin rana ba ta taɓa yi mana ƙaranci a Damagaram ba. Ina neman haske daga ma'aikatan lafiya.

Malamin Asibiti, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Inna lafiya. Ranar da take waje ba ta amfanar wanda yake kwance a ƙuryar ɗaki, domin sai haskenta ya taɓa fata kai tsaye jiki yake sarrafa wannan bitamin, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Fatar tsoho ba ta sarrafa shi kamar ta matashi, baƙar fata kuma tana bukatar lokaci fiye da fara, saboda haka halin da Inna take ciki bai yi nisa da na tsofaffin da ƙanwarki take kulawa da su ba.

Al'adar likitocin Faransa tana da tushe. A 1992 aka wallafa wani bincike da aka yi a can kan tsofaffin mata 3,270, inda aka riƙa ba rabinsu UI 800 na bitamin D (UI shi ne ma'aunin da ake auna bitamin da shi) da gram 1.2 na kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kullum har wata 18, sai karayar ƙugu ta ragu da kashi 43 cikin ɗari a tsakaninsu idan aka kwatanta da ɗaya rabin. Sai dai a lura cewa tare da kalsiyam aka ba su, wanda mu a nan muke samu a nono, cuku da zogale.

Mai Farmasi:
Na yarda da Malam, amma ina roƙon ki, Hajiya, kada ki sayi komai sai da takardar likita. Kwalbar da ƙanwarki take nufi takan ɗauki UI 80,000 ko 100,000, kuma an zaɓe ta a gidajen tsofaffi ne galibi saboda ta fi sauƙin rabawa ga mutum mai fama da ƙwayoyi barkatai. A gida kuwa, inda yau wannan ɗiya ce take jinya, gobe waccan jika, abu ne mai sauƙi a maimaita ta ba a sani ba. Jiki ba ya zubar da rarar wannan bitamin a fitsari, tara shi yake yi, har kalsiyam ya yi yawa a jini, ya kawo ƙishirwa, taurin bayan gida, ruɗewa da tsakuwar ƙoda. A Ostareliya ma, wani bincike na 2010 ya nuna cewa matan da aka ba UI 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi yawan faɗuwa da karaya. Ni dai na fi natsuwa da ƙaramin awo na kullum, UI 800 zuwa 1,000, bayan likita ya duba ƙodarta da sauran magungunan da take sha.

Baba Ɗan Zango:
Ƴata, kafin a kai ga farmasi, a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, a mayar da ita kafin rana ta yi zafi. Zama bayan gilashin taga ba ya wadatarwa, domin gilashi yana tare hasken da ake bukata.

Maman Nana, Birni:
Na gode ƙwarai, Baba, tare da ku duka. Za mu fara fito da ita gobe in sha Allah, kuma zan haɗa kwalayen magungunanta in kai wa likita ranar Litinin.