God of War Ragnarök: yaya rubutun labarinsa yake idan aka auna shi da na baya?

Abba Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka kai ƙarshen wasan bidiyon nan God of War Ragnarök, kuma sun buga na baya, musamman ukun farko da na 2018. Faɗa da kyan hoto mu ajiye su gefe, zancen rubutu nake so: yadda aka gina labarin, yadda mutanen ciki ke magana, inda ya yi ƙarfi da inda ya saki. Kowa ya faɗi wurin da yake nufi, kada a tsaya ga "ya yi daɗi" kawai. Wanda bai gama ba ya dakata a nan, don za a tona komai har waɗanda suka mutu. Kuma mun san tatsuniyar Girkawa ce da ta mutanen arewacin Turai da gumakansu, a matsayin ƙagaggen labari muke tattauna ta.

Malam Nura Kabuga

Wa alaikumus salam Abba. Bari in fara da na 2005 na na'urar PlayStation 2 (PS2), don ana yawan cewa ba shi da labari sai ihu da jini, kuma wannan ba adalci ba ne. Dubi yadda aka tsara shi. An buɗe da Kratos, jarumin wasan, yana faɗawa teku daga kan dutse don ya kashe kansa, sannan aka koma baya mako uku a nuna abin da ya kai shi nan. Dalilin farin jikinsa ba a faɗe shi da wuri ba, gutsure-gutsure ake ba ka, sai can ka gane Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, ne ya yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokarsu ce ta manne masa a fata. A ƙarshe ya kashe Ares, gumakan suka ce sun yafe masa laifi amma ba za su cire masa mafarkin da ke damunsa ba, alhali abin da ya yi musu bauta shekara goma dominsa ke nan. Duk wannan cikin wajen awa tara zuwa goma, babu wurin da labarin ya yi tsaye.

Abin da ya rasa shi ne hira. Mai ba da labari ce ke ɗauke da nauyin komai, mutanen ciki kuwa jawabi suke yi wa juna.

Sadiq Hotoro

Malam, na yarda da kai kan na farko, amma na 2007 da na 2010 fa? Na biyu dalilinsa ɗaya ne, Zeus, sarkin gumakan, ya ci amanar Kratos a Rhodes, shi kuma ya tafi neman matan nan uku masu riƙe da ƙaddara don ya juya lokaci. Ya tafi daidai, sai dai ya tsaya a tsakiyar hanya, ƙarshensa buɗe ƙofar na uku ne kawai.

Na uku shi ne rubutun ya karye. Ya kashe Poseidon ruwa ya cinye ƙasa, ya cire kan Helios rana ta ɓace, ya kashe Hermes annoba ta ɓarke, bai ko waiwaya ba. Har wata baiwar Allah ya ɗaure a jikin injin ƙofa don ƙofar ta tsaya a buɗe, injin ya murƙushe ta. Jim kaɗan bayan haka sai a ce maka zuciyarsa ta yi laushi saboda Pandora tana tuna masa da 'yarsa, a rufe da zancen fata nagari. Ba a shimfiɗa wa wannan sauyin hanya ba, shi ya sa bai zauna a ran mai wasa ba.

Hajara Tarauni

Abin da Sadiq ya faɗa shi ne ainihin abin da na 2018 ya gyara. Cory Barlog, wanda shi ne daraktan na biyu, ya dawo da buri ɗaya ƙarami: Kratos da ɗansa Atreus za su kai tokar Faye, mahaifiyar yaron, ƙololuwar dutsen da ya fi kowane tsawo. Duk wanda ka haɗu da shi a hanya, batun iyaye da 'ya'ya yake ɗauke da shi ko na 'yan uwa. Freya da ɗanta Baldur, Magni da Modi da tsoron ubansu Thor, Brok da Sindri da ba sa ga maciji.

Ku lura da yadda ake rubuta Kratos da ƙarancin magana. Bayan farautar barewa a farkon wasa, ya miƙa hannu zai dafa kafaɗar Atreus, sai ya janye. Jakar tokar ma ya hana yaron ɗauka tun daga gida, sai a matakalar ƙarshe a Jotunheim ya miƙa masa. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai wajen awa ashirin, kuma ba wanda ya tsaya ya yi maka bayanin ma'anarsu.

Wurin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne lokacin da Atreus ya kwanta ciwo, aka ce maganin yana Helheim, duniyar matattu, inda gatarin ƙanƙara ba ya aiki. Dole Kratos ya koma gida ya tono wuƙaƙen sarƙarsa daga ƙarƙashin ɗaki. Tafiyar kwalekwalen nan doguwa ce, kusan shiru, kyamara ba ta yanke ba, don dukan wasan a ɗauka ɗaya aka yi shi. Wanda ya buga na PS2 ya san abin da wuƙaƙen nan suka aikata, don haka nauyin wurin daga tsofaffin wasannin aka aro shi. Kuma bayan yaron ya ji cewa shi ma jinin gumaka ne ya fara girman kai, rubutun ya shiga har cikin hannun gem: wani lokaci ka danna masa ya harba kibiya ya ƙi, ko ya kai hari ba ka sa shi ba.

Yaya Kabiru Fagge

Hajara ƙanwata, kin faɗi gaskiya, amma na 2018 yana da nasa rauni a tsakiya. Ku ƙirga sau nawa aka mayar da su baya. Baƙin hayaƙi ya tare hanyar dutse, a tafi Alfheim neman haske. An hau dutsen, Mimir, masanin da suka tarar a can ya zama abokin tafiyarsu, ya ce ba shi ne mafi tsawo ba, mafi tsawon yana Jotunheim. A nemo kurfin sassaƙa a wurin gawar Thamur, a nemo baƙin harafi a ɗakin ajiyar Týr, an dawo ƙofar Jotunheim ta rushe, an faɗa Helheim. Can ƙarshe ma sai an shiga cikin wani ƙaton maciji a ɗauko idon Mimir. Hirar da ke tsakani ce ke rufe wannan maimaicin, ginin kansa aike ne bayan aike.

Wani abu da mutane ke rasa wa: rabin tarihin duniyar nan a bakin Mimir yake, a cikin kwalekwale. Kamar tatsuniyar kaka ce da dare, in ka tashi sai a ajiye ta. Da ka kai gaɓa zai katse, ya ce a ƙarasa daga baya. Don haka in ya fara, ka saki tuƙi ka bar shi ya kai aya. A nan ake gina Odin da Thor a matsayin azzalumai tun ba ka gan su ba. Shi ya sa waɗanda suka buga shi a gidan gem, ana biyan kuɗin awa, ga ƙarar janareta ga ihun masu ƙwallo, suke cewa labarin ba wani abu. A kunna rubutun ƙasan allo, a sa abin kunne.

Mubarak Dorayi

To ga Ragnarök ɗin kansa, wanda ya fito Nuwamban 2022, Eric Williams ne darakta. Matsalarsa daga shawarar da Santa Monica Studio suka yanke ta taso, cewa labarin arewacin Turai a wasa biyu zai ƙare maimakon uku. Barlog ya bayyana dalili, kowane wasa yana cin wajen shekara biyar, ba sa son labari ɗaya ya ja shekara goma sha biyar. Dalilin yana da ma'ana, amma kayan wasa biyu aka ɗura a buhu ɗaya.

Na 2018 duniya shida ka taka cikin tara, mutanen da ke magana ba su da yawa. Wannan duka taran, ga Týr, Angrboda, Thrúd, Sif, Heimdall, Freyr da rundunarsa, Surtr, ga matan duba uku. In aka tambaye ka burin na 2018, jimla ɗaya ce. Na Ragnarök kuwa yana sauyawa: a nemo Týr, a guje wa yaƙi, a haɗa gutsattsarin abin rufe fuskar nan na Odin, a kashe Heimdall, a ceto Freyr, sannan a yi yaƙin.

Rabon lokaci ma bai yi daidai ba. Zaman Atreus da Angrboda a dajin Ironwood ya haura awa guda, ana tsinkar 'ya'yan itace ana hawan dabba, alhali yaƙin Asgard, duniyar su Odin, da aka yi shekara huɗu ana jira bai fi haka da yawa ba. Tara rundunonin ma ba a nuna shi sosai ba, kowa ya tafi ya dawo da nasa. Freya da ta buɗe wasan tana neman ran Kratos kan kisan ɗanta, tafiya ɗaya a Vanaheim ta sauko. An rubuta hirar da kyau, lokacin ne ya yi kaɗan.

Hajara Tarauni

Mubarak, ban musa ginin ba. Amma in fage-fage za a auna, Ragnarök ya fi duk na baya. Zuwan Thor da Odin gidan Kratos a farko, a zauna kan tebur ana tayin sulhu, ya nuna maka Odin mai daɗin baki ne, da lallashi yake cin mutane. Thor kuma mashayi ne da ubansa ya raina, yana ƙoƙarin kada 'yarsa ta gaje shi. Ka kwatanta da Zeus da ba shi da komai sai tsawa.

Sai wurin ƙera mashi. Matar ruwan da ke ƙira ba ta ko ganin Brok, a nan ya gane ya taɓa mutuwa, Sindri ya dawo da shi da ruhi bai cika ba. Kratos ya miƙa masa mashin ya ce shi zai sa masa albarka. Kratos na 2010 ba zai taɓa yin haka ba, kuma wannan karon an bi da kai mataki-mataki har ka yarda. Matan duban ma sun ce babu wani rubutaccen abu a hannunsu, halin mutum suke karantawa su san abin da zai zaɓa. Wannan ya ba labarin ƙashin baya.

Inda nake da ƙorafi shi ne yawan magana. Abin da na 2018 zai bar wa fuska da shiru, a nan sai an furta shi, wani lokaci sau biyu.

Sadiq Hotoro

Yawan maganar har wurin wasa ƙwaƙwalwa ya kai. Ka iso gaban ƙofa, ba ka gama duba ɗakin ba Atreus ko Mimir ya faɗa maka inda za ka jefa gatari. Wannan laifin rubutu ne, don yana mayar da abokan tafiya allon sanarwa. A fitowar kwamfuta ta Satumban 2024 an sa zaɓin rage waɗannan alamun, ku neme shi a saituna kafin ku fara.

Malam Nura Kabuga

Batun Týr na ƙarya, wato Odin da ya ɓad da kama ya shiga cikinsu, ya kamata a yaba. Wanda ya sake bugawa zai ga an shuka alamu: duk shawarar da ya bayar ta kauce wa yaƙi ce, wadda Odin ke amfana da ita, kuma Odin yana sanin abin da aka tattauna a gidan Sindri. Brok ne ya kama shi da ya kira Atreus da sunan Loki, nan take Odin ya soke Brok ya mutu. Abin da ya biyo baya shi ne rubutu mafi ƙarfin hali a jerin, don Sindri bai yafe ba har ƙarshe. Shi ya fasa dutsen da aka kulle ruhin Odin a ciki, kuma a wurin jana'izar ɗan uwansa bai sassauta wa kowa ba.

Yaya Kabiru Fagge

Abba, tunda hujja ka nema, ga abin da mai son yanke hukunci zai yi, don mafi yawan masu cewa ƙarshen ya zo da gaggawa sun ajiye hannu da wuri. Bayan yaƙin Asgard ka koma gidan Sindri, daga nan a tura ka Svartalfheim jana'izar Brok, bayanta ne cikakken jerin sunayen ma'aikata ke fitowa. Ka je Niflheim, cikin kurkukun da ya faɗo daga Asgard, Týr na gaskiya yana ciki. A Vanaheim, bayan ceto Freyr, ka bi karyar nan Helka, za ta kai ka wani babban kwari inda ake ba da labarin karon Faye da Thor, kuma babban labari bai bi ta nan ko kaɗan ba. Aikin gefen Mimir da dabbar ruwan da ya sa aka ɗaure a Svartalfheim shi ma kada a tsallake.

Sannan Valhalla, ƙarin da aka saki kyauta a Disamban 2023. Nan ne Kratos ya zauna da abin da ya aikata a Girka, har matuƙin jirgin da ya ƙwace wa makulli ya bar shi ya faɗa cikin dodon ruwa Hydra a na 2005 an dawo da zancensa, kuma ya tsaya gaban kansa na ƙuruciya a kan karaga. Sai an sauke shi ta intanet, don haka a tanadi data da wuri a na'ura, wasan kansa ya haura gig 80.

Abba Gwammaja

Na gode Yaya Kabiru, na gode Malam. Saura na PSP, na'urar PlayStation ta hannu, ba a taɓa ba. Wanda ya buga Chains of Olympus na 2008, inda Kratos ya ture 'yarsa Calliope da hannunsa don ya koma yaƙi, da Ghost of Sparta na 2010 mai labarin ƙaninsa Deimos, ya zo ya faɗa mana ko laushin da muka gani a 2018 daga can ya fara.