Neman kalmar Hausa: me za mu kira myocardial bridge?

Ɗalibin likitanci:
Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ina so in yi wa mutanenmu bayanin myocardial bridge amma na rasa sunan da zan ba shi. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini a saman tsokarta suke kwance, to shi wannan wani yanki ne na jijiyar yake shigewa cikin tsokar ya ɗan yi tafiya sannan ya sake fitowa, duk lokacin da zuciya ta matse sai ta matse shi. Da shi ake haihuwar mutum, kuma galibi a jijiyar da ta sauko ta gaban zuciya ɓangaren hagu yake. Ni dai "gadar tsokar zuciya" na rubuta.

Malamin Hausa:
Ɗana, gada ai samanta ake bi. Bahaushe in ya ji gada zai ɗauka jini ne ke haye tsokar, alhali ta ƙasa yake wucewa. In dai gini za a kwatanta, kwalbati ya fi kusa.

Wata nas:
Malam kwalbati ai ba ya motsi, shi kuwa wannan matsewar ita ce labarin gaba ɗaya. Me zai hana "shaƙewar jijiya"?

Likita:
A'a sista, ki rufa mana asiri da wannan shaƙewar. Ki faɗa wa dattijo jijiyar zuciyarsa ta shaƙe yau ba zai yi barci ba, shi toshewa zai ji, kuma ba toshewa ba ce, yawancin masu shi har su tsufa ba su san suna da shi ba domin ita zuciya mafi yawan jininta tana samu ne lokacin da ta saki, ba lokacin da ta matse ba. Matsalar sai bugun ya yi sauri, gudu ko tashin hankali, lokacin sakin ya gajarce, jijiyar ba ta gama buɗewa ba an sake matse ta, nan ne wasu ke jin ciwon ƙirji da haki. Shi ya sa maganin farko mai rage saurin bugu ne, maganin ciwon ƙirjin da ake sawa ƙarƙashin harshe kuwa yana iya ƙara dagula abin. Wani abin mamaki, kitse ba ya cika taruwa a yankin da ya shige tsoka, gab da mashigar yake taruwa. Shi wannan shigewar jijiya cikin tsoka tun 1737 aka gan shi a binciken gawa, sai 1960 aka nuna shi a hoton jijiyoyin mai rai.

Malamin Hausa:
To Likita, jijiya ta shiga ta fito, ai nutso ta yi. "Nutson jijiyar zuciya".

Wata nas:
Wallahi ya zauna. Sai dai jijiya a bakin mutanenmu har ta agara ma jijiya ce.

Likita:
Tunda an haɗa da zuciya ba za a ruɗe ba, a rubutu a sa "jijiyar jinin zuciya" karon farko shikenan. Kuma ya dace da tiyatar, domin in magani ya ƙi ana yanka tsokar da ta rufe ta ne a fito da ita. Har zurfin nutson da tsawonsa muke aunawa.

Ɗalibin likitanci:
Na gode Malam, na goge gadar. Nutso mai zurfi da mara zurfi kenan zan sa a kashi na biyu na bayanin.