Ta yaya Mercy Housing ta fara gina wa tsofaffi gidaje a Amurka?

Mai_Bincike: Jama'a, don Allah wa ya san asalin ƙungiyar Mercy Housing? Kuma ina take samun kuɗin gina gidaje masu araha?

Ɗan_Littafi: Sistocin Katolika na Sisters of Mercy ne suka kafa ta a Omaha, jihar Nebraska, a 1981. Yanzu hedikwatarta tana Denver, jihar Colorado. Sai dai sadakar coci ba ta isa gina bene ba, gwamnati ce ke ɗaukar kaso mai tsoka.

Hajiya_Lissafi: Haka ne, Malam. Shirin gwamnati na Section 202 na dokar gidaje ta 1959 shi ne ke tallafa wa gidajen tsofaffi: ba mai samun ɗaki sai mai shekara 62 zuwa sama, mai ƙaramin ƙarfi, kuma hayarsa kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu. Tun 1986 kuma akwai rangwamen haraji ga masu zuba jari a gidaje masu araha.

Ɗan_Littafi: Inda gizo ke saƙa shi ne gyara. Hayar ba ta tara kuɗin sauya rufi ko lif, ga jerin masu jira, mutum kan shekara biyu ko fiye bai samu ɗaki ba.