Neman shawara: doguwar tafiya da yara zuwa wurin shaƙatawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara. Mun yi wa yara alƙawarin kai su babban wurin wasa mai lilo da jiragen wasa a hutun nan. Tuƙin ya haura awa 10, kuma ni kaɗai ne direba, uwargida ba ta tuƙi.

Inda na maƙale shi ne lokaci. Tikitin shigarmu na takamaimiyar rana ne, ba a canzawa. In muka miƙe a yini guda, ana tsayawa duk bayan awa 2 kamar yadda ake shawartar direbobi, sai dare za mu isa, washegari kowa jiki a mace. In muka kwana a hanya, kuɗin masauki ya ƙaru. Tuƙin dare kuwa ban yarda da shi ba, barci ɓarawo ne.

Ga kuma autarmu: da hanya ta fara lanƙwasa sai ta yi tsit, goshinta ya jiƙe da gumi, sai amai. Hana ta kallon waya da sauke gilashi bai wadatar ba.

Waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya, a tsakiya kuka yada zango ko dab da isa? Me kuma ya taimaki yaranku?