Musayar Waƙa: Wa Zai Riƙe Makarantar?

Ɗan Alƙalami:
Da sunan Allah nake buɗe zance,
Kan makarantun da jama'a ke ginawa.
Ba baitulmali ne ya kafa su ba,
Iyaye ne da guminsu ke riƙewa.
Ga lissafi, ga kimiyya a aji,
Ga Alƙur'ani malam na biyawa.
'Yan'uwa, ku ɗora mini baiti,
Aikin nan ya cancanci yabawa.

Malamar Aji Uku:
Yayana, yabonka ya yi daɗi,
Akwai gefen da ba ka dubawa.
Wata ya mutu, albashi shiru,
Malam na aji, mai haya na jirawa.
Uba ya zo yana roƙon haƙuri,
Kuɗin zango ya gagara haɗawa.
Shugaba ya buɗe rajista ya tsaya,
Ya kori maraya? Hannunsa na rawa.
Masu taimako sun fi son bene,
Da allon suna a bango a kafawa.
Gwanin malami in ya gaji ya tafi,
A ɗauko wanda bai iya koyarwa.

Baba Mai Tarihi:
'Yata, magabata sun san ciwon,
Wakafi suka sa wajen magancewa.
Fatima al-Fihri, a Fas ta Maroko, 859,
Ƙarawiyyin ta gina, har yau ana karantarwa.
Nizamiyya ta Bagadaza ma haka,
Can Gazali ya zauna yana faɗakarwa.
A tsayar da gona ko rumfar kasuwa,
Ba gado, ba kyauta, ba sayarwa.
Amfaninta shi ne albashin malam,
Da guzurin ɗalibi mai nacewa.

Ɗan Alƙalami:
Baba, to ga Islamia ta Landan,
A 1983 aka yi buɗewa.
Sai 1998 gwamnatin Ingila
Ta karɓi nauyinta tana ɗaukewa.
Ni ina tsoron kuɗin hukuma,
Mai ba ka shi ke gindaya sharuɗɗa da yawa.

Malamar Aji Uku:
Yaya, sufeto ya zo ya duba,
Aikin gaskiya ba ya ɓuyawa.
Roƙona biyu ne ga ƙungiyoyi:
Horon malamai, ba yankewa,
Da asusun albashi na shekara cur,
Kafin a ɗora bulo ana ƙarawa.
Baba, wa ke rubuta takardar wakafi?
Kwamitinmu gobe yake zaunawa.