Katawut ɗin tsofaffin motoci: wa ya taɓa mayar da nasa na zamani?

Mai Landiroba, Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka taɓa yi da hannunsu ko aka yi a gabansu, ba ji-ta-ji-ta ba. Ina da Land Rover Series 2A ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, har yanzu dinamon Lucas ne a jikinta, wato tsohon janareton da ke cajin batir, da baƙin akwatin katawut ɗin nan mai daidaita cajin. Batir sai shanye ruwa yake yi, wani lokacin kuma jar fitilar caji ba ta mutuwa sai na taka totur sosai. An goge kwantak an ɗaure sukurun, kwana kaɗan ta koma gidan jiya. An ce min akwai na zamani mai transisto da ake ɓoyewa a cikin tsohon akwatin, to ni dai ba na son a cire dinamon, so nake in an buɗe bonet a ganta yadda Baba ya barta. Wa ya gwada?

Tsohon rewaya, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Kafin ka sayi komai je ka duba abu biyu. Wane kan batir ne ke haɗe da bodi? Motocin Ingila na wancan lokacin da yawansu fozitib ne a bodi, Land Rover ba su koma negetib ba sai wajen 1967, kuma ta yiwu wani ya juya taka a hanya ba ka sani ba. Tsohon katawut bai damu da wannan ba sosai tunda kwayil ne da kwantak, amma mai transisto in aka ba shi wuta a juye nan take yake mutuwa, ko hayaƙi ba lallai ka gani ba. Sai kuma haruffan da ke jikin akwatin inda wayoyi ke shiga, in ka ga A1, A, F, D, E to RB106 ne mai kwayil biyu, in ka ga E, D, WL, F, B to RB340 ne mai uku.

Na yi wannan aikin a motocin mutane da dama kuma yana kyau wallahi, cajin yana tsayawa wajen 13.8 zuwa 14.4 volt ba hawa ba sauka, batir ya daina tafasa. Amma abin da yaran yanzu ba su gane ba shi ne dinamo ba altaneta ba ne. Altaneta in ya kai iyakar ƙarfinsa tsayawa yake da kansa, dinamo kuwa in batir ya yi sanyi ko an kunna fitilu duka zai yi ta bayarwa har ya yi zafi dalmar amaca, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikinsa, ta narke ta watsu a ciki. C40 na Lucas amp 22 ne iyakarsa. Don haka duk na zamanin da za ka saka dole ya kasance mai tsare amp ma ba volt kaɗai ba, kuma wanda aka saita daidai ƙarfin dinamonka. An taɓa kawo min wata da aka ɗaura wa regileta (mai daidaita caji) na altaneta haka kawai aka ƙara dayod ɗaya (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), mita na nuna 14 kowa ya yi murna, tafiyar dare ɗaya amaca ta ƙone. Kuma samun amacar nan yanzu ai ka san wahala ce.

Mai Boksuwaja, Kano:
Baba rewaya ya faɗi gaskiya. Tawa Bitil ce mai 12 volt, janareton Bosch amp 30, katawut ɗin yana ƙarƙashin kujerar baya, batir ma can yake ɗaya gefen. Abin da ya sa na canza, wata rana na kashe mota na cire makulli amma jar fitila ta ƙi mutuwa, ashe kwantak ɗin ne ya manne, batir yana juye wuta cikin janareto, da na taɓa shi kamar dutsen guga. Allah ya sa na lura da wuri na cire kan batir. Na zamanin dayod ne ke wannan aikin, ba abin da zai manne, tun da na saka hankalina ya kwanta.

Sai dai Alhaji kar wani ya ce maka nawa zai yi a taka. Na Bosch regileta ne ke kai DF, wato wayar fil (kwayil ɗin maganaɗisun dinamo), zuwa bodi, na Lucas kuma fil ɗin ya riga ya kama bodi a cikin dinamo, wuta ake ba shi ta F. Hanya biyu ce daban, ba sa shiga wa juna. Kuma maganar gaskiya kar ka sa rai da yawa a kan caji a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba. Ni dai jar fitilar tana mutuwa da wuri fiye da da, amma in na shiga goslo da daddare fitilu a kunne har yanzu batir nake ci, don janareto ba ya bada abin kirki sai inji ya ɗaga. Wannan halinsa ne, ba transiston da zai gyara shi.

Ɗan Maraɗi:
Ni Fijo 504 gare ni, tawa altaneta ce tun asali amma regileta nata a waje yake an ɗaure shi da sukuru a jikin bodi, waya biyu kawai, + da EXC. Namu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, cire tsoho saka sabo, ba ruwanka da maganar amp. Abin da ya ba ni wahala mas ne, wato yadda regileta ke kama bodi. Da aka saka sabon sai mita ta nuna sama da 15, ƙwan fitila guda ya ƙone, mai gyara ya ce kayan jabu ne a maido shi. Wani dattijo a garejin ya ce a kankare fenti da tsatsa inda sukurun ke kamawa sannan a ja waya daban daga jikin regileta zuwa jikin altaneta. Ana yi ta sauko 14.2 ta zauna. Shekarun motar nan tsatsa ta shiga ko'ina, ku duba wannan tukuna kafin ku zagi kaya.

Mai gareji, Jos:
Ku yi haƙuri ni ra'ayina daban. In motar aiki ce kullum tana kan hanya, cire dinamon gaba ɗaya a sa altanetan Japan mai regileta a ciki shi ne hutu, a kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa za ka samu na hannu mai kyau, yana caji tun daga silo, in ya lalace kowane rewaya ya san shi. Su kansu Land Rover ai da suka fito da Series 3 a 1971 altaneta suka koma. Na yi wa wata tsohuwar 404 fikof haka, aikin ƙarfen ɗaurawa ne da daidaita fuli da fambel. Abin lura wayoyi ne, tsohuwar wayar caji an yi ta ne don amp ashirin da wani abu, ka kawo mai 60 ka bi ta cikinta da tsohuwar amita (mitar amp) ta dashbod, ranar da batir ya yi ƙasa za ka ji ƙauri. Waya mai kauri ake ja kai tsaye zuwa batir da fis a hanya. Amma ta Alhaji tunda ta gado ce kuma ba kaya take ɗauka ba, na fahimci dalilinsa, ni ma ba zan so a ɓata mata kama ba.

Mai Marsandi, Katsina:
Abu ɗaya zan ƙara don ya ci min kuɗi kuma har yau yana min ciwo. Na sa an kawo min na zamani daga waje, ya yi aiki lafiya lau, rannan na kai motar wani gyara daban na je sallah, kafin in dawo yaron garejin ya cire kan batir inji na tafiya wai yana gwada ko tana caji. Shikenan ya tafi. Wannan gwajin tun zamanin dinamo da katawut mai kwantak aka gaje shi, to batir shi ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi wutar na iya haurawa sama ƙwarai cikin ƙiftawar ido, transisto ba ya jurewa. Yanzu na rubuta a takarda na manna kusa da batir, kuma duk garejin da na shiga sai na faɗa da bakina. Haka in za a yi walda a bodi a cire batir da wayoyin regileta. Mita nawa take fisabilillahi? A ɗora ta a kan batir a ba mota wuta a karanta, shi ne gwaji.

Direban daji, Agadas:
Mu da ke shiga inda ba gari ba gareji ba ma yarda da abin da ba za mu iya buɗewa ba. Tsohon katawut in ya yi gardama ka buɗe murfi ka goge kwantak ka kai gida. Na zamani in ya mutu ya mutu. Ban ce kar a saka ba, ni ma na ga amfaninsa a kan ƙura don ba abin da ke motsi a ciki, amma kar ka bari a farke tsohon naka a zubar da kayan ciki. Nemi wani mataccen akwati a ɓoye sabon a ciki, naka na asali ka naɗe a tsumma ka ajiye a mota da sukundireba.

Mai Landiroba, Zariya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba rewaya na duba, A1, A, F, D, E ne, kuma fozitib ne a bodi har yanzu. Rediyon da juya wuta zai shafa babu, amita dai tana nan. In juya ta negetib ne ko in nemi na fozitib?

Tsohon rewaya, Kaduna:
Akwai masu yin na fozitib amma ni shawarata ka juya ta, ko don cajin waya da ranar da za a yi maka jamfin da motar yanzu. Ba wani aiki ba ne. A juya batir negetib ya kama bodi, a musanya ƙananan wayoyi biyu na kwayil ɗin wuta, a musanya na bayan amita in ba haka ba za ta riƙa nuna caji a matsayin ci. Sitata ba ruwanta, yadda take juyawa haka za ta ci gaba. Sai dinamo, a cire wayoyin D da F daga jikinsa, a ɗauko waya daga fozitib ɗin batir a ɗan taɓa ƙaramin kan F sau biyu ko uku ya yi tartsatsi, wannan ke juya maganaɗisun da ya rage a cikinsa. Duk wannan a gama shi kafin a haɗa sabon regileta, kar a yi tartsatsin yana jone. A duba kabon da tagullar da yake gogawa tun dinamon na hannu, don in sun cinye ba regiletan da zai yi maka caji.

Maganar ɓoyewa a akwati kuma, dayod ɗin sabon regileta yana zafi, amp 20 na bi ta cikinsa watt goma da ɗoriya ne ke zama zafi in na gama-gari ne, ga akwatin roba ce mai tauri ba ta fitar da zafi, ga zafin watan Afrilu. Sai an ɗaura shi a farantin alminiyom, in ka samu dayod Schottky ya fi don zafinsa bai kai haka ba. In kayan sun iso ka turo hoton takardar da ta zo da su kafin kowa ya sa hannu, wasu suna haɗe A da A1 wuri ɗaya wasu kuma a'a, sai na gani zan gaya maka inda kowace waya za ta shiga.