Masu sharhi sun yaba, masu kallo sun juya baya: rigimar zauren 'yan kallo

Anti Ladi: Assalamu alaikum. Yau sai na fitar da abin da ke cina. Na kawo muku shirin talabijin ɗin nan, Crazy Ex-Girlfriend, cikin zauren nan, na roƙa a kalla, ko tari babu wanda ya yi. Abin da aka yi masa a Amurka shi kuka maimaita. Tashar CW ta fara nuna shi a Oktoba 2015, ya ƙare a Afrilu 2019, zango 4, kashi 62, da waƙoƙi sama da 150 da aka rubuta musamman dominsa. Rachel Bloom, jarumar shirin, wadda suka ƙirƙire shi tare da Aline Brosh McKenna, ta ɗauki kyautar Golden Globe a 2016. Amma daren da aka fara nuna shi ko mutum miliyan ɗaya bai zauna kallo ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300. Masana sun ce abu ya yi, gama-gari suka watsar. Aiki mai kyau ba ya samun jama'a, can da nan duk ɗaya, kuma abin yana ƙona min rai.

Baffa: Wa alaikumus salam. Anti, su wane ne masana?

Anti Ladi: Masu sharhin fina-finai mana. Je ka duba shafin Rotten Tomatoes mai tattara ra'ayinsu, kowane zango ya haura kashi 90 cikin 100.

Baffa: To ki ce masu sharhi. Masani daban. Mutumin da jarida ke biyansa ya kalli talabijin ya rubuta ra'ayinsa, da me ya fi ni sanin abin da zai ba ni dariya? Kin ɗora su a sama, mu kin ajiye mu a gama-gari.

Ummi: Gaskiya Anti kalmar ta yi min zafi. Ni ma gama-gari ce ke nan?

Anti Ladi: Ummi 'yata, ba ke nake nufi ba. Mutanen Amurka nake nufi.

Baffa: Kin ce can da nan. Yana nan a rubuce.

Yaya Habu: Baffa, bar maganar nan. Wanda ya shekara ashirin yana kallon shirye-shirye yana auna su, ya san inda labari ya karye da inda ya miƙe, wallahi masani ne a fanninsa. Kai da kanka in za ka sayi rago ai wanda ya san dabbobi kake ɗauka zuwa kara.

Baffa: Rago ana taɓa shi a ji nama. Dariya a ina ake taɓa ta?

Yaya Habu: Ba dariya kaɗai ba ce a shirin, nan ne kuke kuskure ku da ba ku kalla ba. Lauya ce, Rebecca Bunch, ta yi jami'ar Harvard ta yi ta Yale, ana shirin ɗaga ta zuwa babban matsayi a New York, ta haɗu da Josh Chan, saurayinta na ƙuruciya, a kan titi, ta ajiye komai ta bi shi wani gari, West Covina a Kalifoniya, tana ta rantse wa kanta ba don shi ta je ba. Kana dariya kana dariya, sai a zango na uku ka ga abin ya daina zama wasa. Ta yi yunƙurin halaka kanta, likitoci suka gano tana da wata larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya manne wa wani saboda tsoron kada a guje shi. Daga nan labarin ya koma na jinya da neman lafiya. Wannan juyin ne masu sharhi suka gani suka yaba. A 2019 wata waƙarsu a kan shan maganin ciwon damuwa ta ci kyautar Emmy. Ina da wadda na sani da ta daina ɓoye maganinta bayan ta ga wannan zangon.

Maman Hanif: Ni kashi biyu na kalla na kashe. Akwai batsa a waƙoƙin nan, kada a rufe mu. Ba abin da zan kunna a falo ba ne yara na zaune.

Anti Ladi: Maman Hanif, ban ce na yara ba ne. Asali ma tashar Showtime aka yi wa shi, suka fasa, da CW ta ɗauka sai da aka rage kaifinsa.

Maman Hanif: To in wannan ne ragaggen, Allah ya raba mu da cikakken.

Baffa: Kun gani? Ga uwa ta kalla ta yanke hukunci. Ita ba masaniya ba ce a gidanta?

Yaya Habu: Masaniya ce a tarbiyya. Ba a ce masaniya ce a rubutun fim ba.

Maman Hanif: Habu, kula da bakinka. Na girme ka.

Yaya Habu: Allah ya ba ki haƙuri Yaya, ba raini ba ne.

Nura: Abin da ya ba ni mamaki, Anti, ke ce kullum kike sukar rawa da waƙa a fina-finanmu na Kannywood, kina cewa kwaikwayon Indiya ne. Yau Bature ya tsaya tsakiyar labari ya ɓarke da waƙa, ya zama gwaninta?

Anti Ladi: Nura, ba ɗaya ba ne. A can waƙar a cikin kan yarinyar take, ita ce ke nuna maka ƙaryar da take yi wa kanta. Cire waƙar, labarin ya rushe. A namu fa? Cire ta ka gani ko wani abu zai ragu.

Nura: Wannan raini ne ga mawaƙanmu. Akwai fina-finan Hausa da mutane suka manta labarinsu amma waƙarsu har yau ana sa ta a gidan biki. Su naku wa ya taɓa jin waƙarsu a bikin kowa?

Ummi: Nura ya faɗi gaskiya.

Yaya Habu: Ummi, ke duk abin da Nura ya faɗa gaskiya ne a wurinki.

Ummi: Yaya Habu, me kake nufi?

Malam Sani: A tsaya a kan magana don Allah.

Baffa: Maganar ita ce masana. In da gaske sun sani, me ya hana saninsu ya jawo mutane? Daga zango na biyu aka ɗauke shirin daga Litinin aka kai shi daren Juma'a, daren da mutanensu ke fita yawo. Tasha ba ta kai abin da take ji da shi can.

Yaya Habu: Amma ba ta soke shi ba, ta bar shi ya kai ƙarshen labarinsa duk da yana cikin shirye-shiryen da aka fi ƙaurace wa a manyan tashoshinsu. Yabon nan da kake rainawa da kyaututtukan su suka riƙe shi. Kuma ƙidayar daren farko ba ta haɗa da waɗanda suka same shi daga baya a Netflix ba.

Baffa: Su nawa ne?

Yaya Habu: Da yawa.

Baffa: Da yawa ba lissafi ba ne.

Nura: Ni abin da ya kore ni ma daban. Santino Fontana, mai fitowa a matsayin Greg, ɗaya daga cikin samarin Rebecca, ya bar shirin a zango na biyu, a na huɗu suka kawo Skylar Astin suka ce shi ne Greg. Fuska daban, murya daban. In a Kano aka yi haka da kun cika zauren nan da zagi.

Anti Ladi: Ashe ka kalla har zango na huɗu kana nan ka yi shiru ina ta roƙo!

Nura: Ban ce na so shi ba.

Yaya Habu: Sun yi bayanin canjin a cikin labarin, cewa mutum ya canza har ba ta gane shi ba.

Nura: Dabara ce kawai ta rufe ɓaraka.

Malam Sani: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An yi muhawara mai amfani. Abin da ya fito fili, kusan kowa ya yarda mai sharhi ba masani ba ne, kuma mai kallo shi ne alƙali, kamar yadda Baffa ya kafa hujja. An kuma tabbatar shirin bai dace da gidajenmu ba, Maman Hanif ta yi shaida. Nura ya kare martabar mawaƙanmu, Allah ya saka masa. Anti Ladi da Habu sun kawo nasu ra'ayin, mun gode. Ina roƙo a daina kiran mutane gama-gari a zauren nan.

Anti Ladi: Malam, wane kowa? Mutum uku ne, kuma a cikinsu Baffa ko kashi ɗaya bai kalla ba. Kai ma ba ka kalla ba. Maganar jinyar yarinyar da Emmy duk ka tsallake su.

Malam Sani: Hajiya, na faɗi abin da na gani.

Ummi: Ni dai har yanzu Yaya Habu bai faɗa min me yake nufi ba.